DASKARARRIYAR AYABA: KAYAN ZAƘI MAI AMFANI DA ZA A IYA YI A GIDA

Gabatarwa

Son zaƙi halitta ce ta ɗan Adam. Jariri tun yana goye ya san daɗin nonon uwa, kuma da zarar ya fara tafiya sai ya shiga miƙa hannu ga mai tallar alewa. Saboda haka hana yaro zaƙi ɗungurungum abu ne mai wuya, kuma ba safai yake ɗorewa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne iyaye su san irin zaƙin da za su ba shi, da yawansa, da kuma lokacin da ya kamata ya sha.

A zamanin da, zaƙin gida bai wuce zuma da rake da dabino da nakiya da alkaki ba, su ma ɗin sai ranar kasuwa ko lokacin biki. Yanzu kuwa kowane lungu akwai lemon kwalba da minti da biskit, ga mai askirim yana zagayawa da kekensa a ƙofar makaranta. Wannan darasi zai bayyana yadda uwargida za ta ɗauki nunanniyar ayaba, wadda sau da yawa akan zubar don ta yi laushi, ta mai da ita abin sha mai sanyi da garɗi, ba tare da ta zuba sukari ko cokali ɗaya ba.

1. Illar yawan sukari

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum, wannan ya kama kimanin gram 50, watau wajen cokalin shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa in an iya rage shi zuwa rabin haka, watau gram 25 ko cokali 6, amfanin ya fi yawa. Rabon yaro bai kai na babba ba. Cikin wannan lissafi an haɗa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, amma ba a haɗa da sukarin da ke cikin ɗanyen ɗan itace wanda aka ci da tsokarsa ba.

Kwalba ɗaya ta lemo mai santilita 35 takan ƙunshi sukari fiye da gram 30. Ke nan yaron da ya sha kwalba guda ya riga ya wuce cokali 6 tun kafin a yi lissafin sukarin da ke cikin shayinsa ko kokonsa na safe. Wannan na cikin dalilan da suka sa Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai sukari a Nijeriya.

Illa ta farko da ake gani ita ce ruɓewar haƙori. A cikin baki akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake cinye farin rufin haƙori sannu a hankali har ya yi rami. Yaron da yake tsotsar alewa daga safe zuwa yamma haƙoransa ba sa samun hutu daga wannan tsami. Illa ta biyu ita ce ƙiba mai yawa, wadda take buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya idan an girma. Ta uku kuwa, yaron da ya cika cikinsa da kayan zaƙi ba zai ci tuwo da miya da wake yadda ya kamata ba, sai a gan shi da ƙoshi alhali jikinsa yana cikin rashi.

2. Ayaba da abin da ke cikinta

Asalin ayaba daga kudu maso gabashin Asiya ne da tsibirin Niyu Gini, inda aka fara nomanta tun shekaru dubbai da suka wuce, daga can ta iso Afirka. Indiya ce ta fi kowace ƙasa nomanta. A Nijeriya an fi noma ta a jihohin kudu masu yawan ruwan sama, irin su Edo da Ondo da Delta da Kuros Riba, daga nan ake lodinta zuwa manyan kasuwannin kayan marmari kamar ta Zuba kusa da Abuja da ta 'Yan Lemo a Kano. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan cikin 1967, ta daɗe tana aikin kyautata irin ayaba da na agade.

Gram 100 na ɓararriyar ayaba, watau kusan matsakaiciya guda ɗaya, yana ɗauke da:

Ruwa, kimanin gram 75
Kalori, watau ma'aunin ƙarfin abinci, 89
Sukari, kimanin gram 12
Faiba, gram 2.6
Maiƙo, ƙasa da rabin gram
Fotasiyam, miligram 358
Bitamin C, kusan miligram 9

Faiba ita ce ɓangaren kayan lambu da 'ya'yan itace wanda hanji ba ya narkarwa. Tana taimakawa wajen sauƙin bahaya, tana kuma rage saurin shigar sukari cikin jini. Fotasiyam kuwa yana taimakon aikin tsoka da zuciya da daidaituwar jini. Har wa yau ayaba tana da bitamin B6 mai yawa.

In aka kwatanta da askirim na kanti za a ga bambanci. Gram 100 na askirim irin wanda aka saba yana da kalori wajen 200, da maiƙo wajen gram 11, da sukari wajen gram 21, kuma faibar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan wanda ya musanya gram 100 na askirim da gram 100 na ayaba ya rage fiye da rabin kalorin, ya rage kusan rabin sukarin, ya kuma kusanci gram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane babba ya riƙa ci kullum.

3. Abin da ya sa ayaba ta dace da wannan aiki

Wanda ya taɓa sa kankana a gidan ƙanƙara ya san takan fito kamar dutse, in ta narke kuma ta zama ruwa. Dalili shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na kankana ruwa ne. Ayaba ba ta kai haka ruwa ba, ga kuma sukari mai yawa wanda yake hana ruwan daskarewa ƙam. Bayan wannan, akwai wani sinadari mai yauƙi a tsokarta da ake kira fektin, wanda yake riƙe ruwan. Saboda haka ƙanƙarar da ke fitowa cikinta ƙanana ce ƙwarai. Idan aka markaɗa ta tana daskare, ƙananan ƙanƙarar nan suna ƙara farfashewa, iska tana shiga, sai ta yi laushi da santsi kamar an zuba mata man shanu, alhali babu ko ɗigo.

Zaƙin kuwa daga nuna yake zuwa. Ɗanyar ayaba kusan kashi 20 cikin 100 nata sitaci ne. Yayin da take nuna, sitacin nan yana juyewa ya zama sukari har abin da zai rage bai wuce kashi 1 ko 2 ba. Shi ya sa ayabar da ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, wadda mai talla yake karyarwa da yamma don kada ta kwana, ita ce ta fi dacewa. Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, don haka in aka yi da wadda ba ta gama nuna ba za a ji ta salam, da ɗan bauri.

Daskarar da ayaba daɗaɗɗen abu ne a wasu ƙasashe. A Balbowa, bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, ana sayar da daskararriyar ayaba a tsinke tun shekarun 1940, kuma a ƙasashe irin su Gwatamala ana tallar irinta da aka tsoma a cakulan.

4. Zaɓen ayaba

A zaɓi wadda ta yi rawaya sosai, mai ƙanshi, mai ɗigon baƙi a ɓawo. A guji wadda ɓawonta ya tsage, ko take zubar da ruwa, ko ta yi funfuna, ko take warin tsami. In wani gefe kaɗan ne ya ƙuje, a yanke shi a yar.

Wasu 'yan kasuwa suna nunar da ayaba da kabaid, sinadarin da masu walda suke amfani da shi. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan wannan, domin kabaid yakan zo da guba a cikinsa. Irin wannan ayaba sau da yawa ɓawonta yakan yi rawaya fes, amma tsokar tana da tauri, ba ƙanshi, ba zaƙi. Hanya mafi aminci ita ce a sayi wadda ta ƙosa a nunar da ita a gida. A sa ta cikin kwali ko takarda tare da nunanniya guda ɗaya a rufe. Nunanniyar tana fitar da wata iska mai suna etilin wadda take sa sauran su nuna cikin 'yan kwanaki.

Kada a sa ɗanyar ayaba a firji. Sanyin da ya yi ƙasa da digiri 13 yana ɓata ta, ɓawon ya yi baƙi, nunar kuma ta tsaya. Sai ta gama nuna sa'an nan a kai ta sanyi.

5. Tsabta kafin a fara

Wajibi ne kowa ya san cewa ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Kwantar da su kawai take yi, da zarar abin ya narke sai su farfaɗo. Tun da ba za a dafa wannan abin sha ba, duk ƙazantar da ta shiga ciki daga hannu ko wuƙa ko ruwa, cikin yaro za ta tafi. Ta irin wannan hanya ake kamuwa da gudawa da zazzaɓin taifot da kwalara. Don haka:

(a) A wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta.
(b) A wanke ayabar tun da ɓawonta kafin a ɓare.
(c) Kada a yi amfani da wuƙa ko katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kifi sai an wanke su da sabulu.
(d) Duk ruwan da za a ƙara ya zama wanda aka tafasa ya huce.
(e) Madarar shanu ɗanya lalle a tafasa ta, domin tana iya ɗauke da cutar tarin fuka da ta bakkale. Nono da kindirmo su zama waɗanda aka yi da tafasasshiyar madara.
(f) A rufe kome daga ƙuda.

6. Yadda ake daskarar da ayaba

Da farko a ɓare ta. Wadda aka daskarar da ɓawonta tana da wuyar ɓarewa. Sa'an nan a yayyanka ta ƙwaya-ƙwaya, kaurin kowace kamar faɗin ɗan yatsa. In ana so kada ta yi duhu, a yayyafa mata cokalin shayi ɗaya na ruwan lemon tsami, domin tsamin yana rage aikin sinadarin da ke sa ta baƙi idan iska ta taɓa ta.

A jera yankan a faranti ko tire, kada wani ya hau wani, a rufe, a sa a gidan ƙanƙara na firji ko a firiza. Sanyin da ake bukata shi ne digiri 18 ƙasa da sifiri a ma'aunin santigiret. Bayan awa 3 zuwa 4 za su yi tauri, in an bar su sun kwana ya fi. Daga nan a kwashe a zuba cikin roba mai murfi ko leda mai kauri ta abinci, a matse iskar, a ɗaure, a rubuta kwanan wata a jiki. Jerawa a faranti da farko ita take hana su manne wa juna, ta yadda za a iya ɗibar daidai bukata.

7. Hanyoyi huɗu na sarrafawa

Hanya ta farko: askirim ɗin ayaba zalla. A ɗebi yankan ayaba 3, a bar su minti 5 su ɗan saki, a zuba a bilenda. Da farko za su yi ɓarɓashi kamar tsaki, sa'an nan su dunƙule, daga ƙarshe su yi laushi. A riƙa tsayar da injin ana tura abin da ya maƙale a gefe da cokali, don kada injin ya ƙone. In ya ƙi juyawa a ƙara babban cokali 2 ko 3 na madara. Wannan zai ishi manya 3 ko yara 5. Gidan da babu bilenda, a zuba yankan cikin leda mai kauri a daddaka da taɓarya, sa'an nan a juye a kwano a buga da ludayi ko maburgi har ya yi santsi. In za a daka a turmi kai tsaye, kada ya zama turmin yaji ko na daddawa, domin ayaba tana ɗaukar wari.

Hanya ta biyu: ayaba da gyaɗa. A kan ayaba 3 a ƙara babban cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa wadda ba a sa wa sukari ba. Gyaɗa tana ƙara abin gina jiki, kuma tana sa yaro ya daɗe bai ji yunwa ba. A tsince gyaɗar da kyau kafin a soya, a zubar da duk wadda ta yi funfuna ko ta canja launi, saboda irin wannan tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lahanta hanta.

Hanya ta uku: ayaba da wasu 'ya'yan itace. A haɗa kashi 2 na ayaba da kashi 1 na daskararren mangwaro ko gwanda ko abarba. Mangwaro da gwanda suna ƙara bitamin A mai amfani ga ido. Ayaba ce za ta fi yawa, domin ita ce mai kawo laushi. Don ƙanshi ana iya barbaɗa garin kirfa ko citta kaɗan, ko cokali ɗaya na garin cakulan marar sukari. Wanda ya ga zaƙin bai ishe shi ba ya jiƙa dabino 2 a ruwan zafi, ya cire ƙwallon, ya markaɗa tare.

Hanya ta huɗu: ayaba a tsinke. Wannan ba ya bukatar inji. A raba ɓararriyar ayaba gida biyu, a soka wa kowane rabi tsinke mai faɗi marar tsini, a tsoma a kindirmo mai kauri, a mirgina cikin dakakkiyar gyaɗa ko gogaggiyar kwakwa, a jera a faranti a daskarar na awa 4. Ranar suna ko wani taro ana iya tsoma ta a narkakken cakulan, amma a tuna cakulan yana dawo da sukari da maiƙon da ake gudu, don haka ba na kullum ba ne. Kada a ba ƙaramin yaro tsinken tsire, zai iya soke masa baki.

8. Gidan da babu firji

Rashin firji ba ya hana yin wannan abin sha. Akwai tsohuwar dabara ta ƙanƙara da gishiri, wadda da ita ake yin askirim kafin zuwan lantarki. A kanta ne wata Ba'amurkiya, Nancy Johnson, ta gina injin askirim na hannu wanda aka yi wa rajista cikin 1843. Idan aka zuba gishiri a kan ƙanƙara, yana tilasta mata narkewa, kuma wajen narkewar tana zuƙe zafin duk abin da ke kusa da ita. Awo ɗaya na gishiri a kan awo 3 na dakakkiyar ƙanƙara yana iya saukar da sanyi zuwa wajen digiri 20 ƙasa da sifiri.

A dama nunanniyar ayaba 3 da rabin kofin kindirmo har su haɗu. A zuba a gwangwani mai tsabta mai murfin da ke kamawa sosai, a bar sarari kaɗan a sama. A sa gwangwanin a tsakiyar bokiti ko kula, a kewaye shi da dakakkiyar ƙanƙara da gishiri, hawa-hawa. A lulluɓe da buhu ko tsumma mai kauri, a riƙa jujjuya gwangwanin. Bayan kowane minti 10 a goge murfin, a buɗe, a kankare abin da ya daskare a gefe a gauraya. Cikin minti 30 zuwa 40 zai kama. Ƙanƙarar kasuwa ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, saboda haka kada ita ko ruwanta su shiga cikin gwangwanin. Kuma kada yara su sa hannu a cikin haɗin, domin tsananin sanyinsa yana iya ƙona fata.

Tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana sanyaya kayan lambu ta hanyar bushewar ruwan jiƙaƙƙen yashi. Tana da amfani wajen sanyaya ayaba kafin a ci, amma ba ta daskarar da abu, kuma bai kamata a ajiye haɗin madara a cikinta ya kwana ba.

9. Ajiya da ɗaukewar wuta

Yankan ayaba zalla suna iya yin wata 2 zuwa 3 a firiza ba su canja ɗanɗano ba, muddin sanyin bai yanke ba. Wanda aka riga aka markaɗa ya fi daɗi nan take. In ya yi saura a rufe shi a mayar, a shanye cikin mako guda, kuma a bar shi minti 10 a waje kafin a ɗiba don zai yi tauri.

Idan aka ɗauke wuta, kada a riƙa buɗe ƙofa. Firiza mai kyau da take cike tana iya riƙe sanyi har awa 48, wadda take rabi kuwa awa 24, amma lokacin bazara ba lalle ta kai haka ba. Jera robobin ruwa a ciki su daskare yana ƙara mata juriya. Idan wuta ta dawo a duba. In har yanzu akwai ƙanƙara a jikin ayabar, ana iya barinta ta sake daskarewa. In ta narke amma da sauran sanyi, a yi amfani da ita a ranar cikin abin da za a dafa, kamar fanke ko kunu. Haɗin da ke da madara ko kindirmo kuwa, in ya narke ya yi fiye da awa 2 ba sanyi, a zubar da shi ko da bai yi wari ba. Hasarar ayaba uku ba ta kai kwanan asibiti ba. Kada a ajiye ayaba a ƙarƙashin ɗanyen nama ko kifi, domin ruwansu zai iya ɗiga a kanta.

10. Waɗanda za su yi hattara

Jarirai: daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe su. Bayan haka ana iya ba su damammiyar ayaba marar ƙanƙara. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi daskararren yanka mai tauri ko gyaɗa ƙwaya, don kada ya shaƙe.

Masu ciwon sukari: rashin zuba sukari ba ya nufin babu sukari a ciki, kuma nunanniyar ayaba tana ɗaga sukarin jini fiye da wadda ba ta gama nuna ba. Mai wannan ciwo ya nemi shawarar likitansa a kan yawan da zai sha, ya kuma bar ƙara dabino ko zuma.

Masu ciwon ƙoda: ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata, kuma taruwarsa cikin jini hatsari ne ga zuciya. Su da masu shan wasu magungunan hawan jini da ke riƙe fotasiyam su tambayi likita tukuna.

Masu borin jini: wanda gyaɗa ko madara take sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi, a yi masa na ayaba zalla, da kayan aikin da ba su taɓa gyaɗa ba.

Ga mai lafiya ma akwai iyaka. Ayaba ɗaya ga babba, rabi ga ƙaramin yaro, ta isa a zama guda. A ba da ita bayan abinci, don kada ta toshe wa yaro ciki. Tun da ita ma tana maƙalewa a haƙori, a kurkure baki da ruwa bayan an sha, a kuma goge haƙora da man goge baki mai fulorayid safe da dare. Mura da tari ƙwayoyin cuta ne suke kawo su, shan abu mai sanyi ba ya haifar da su. Sai dai wanda ya haɗiye da sauri yakan ji sara a goshi na ɗan lokaci, maganinsa kuwa a sha a hankali.

Ɓawon ayaba kada a yar da shi a hanya inda zai ka da mutum ko ya tara ƙuda. A ba awaki, ko a zuba a ramin taki.

Abubuwan tunawa

1. Ayabar da ta nuna sosai ita ce mai zaƙi, ba ta bukatar sukari.
2. A ɓare, a yanka, a jera, sa'an nan a daskarar.
3. Ƙanƙara ba ta kashe cuta, tsabta ce take hana ta shiga.
4. Haɗin madara da ya narke ya wuce awa 2 ba a mayar da shi firiza.
5. Masu ciwon sukari da na ƙoda su fara tuntuɓar likita.

Tambayoyi don bita

1. Cokalin sukari nawa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai a yini, kuma nawa ne ya fi amfani?
2. Me ya sa ayaba take laushi idan an markaɗa ta a daskare, amma kankana ba ta yi?
3. Wace hanya ce mafi aminci ta samun nunanniyar ayaba wadda ba a sa wa kabaid ba?
4. Awo nawa na ƙanƙara ake haɗawa da awo ɗaya na gishiri, kuma me ya sa ba a barin ruwansu ya shiga gwangwani?
5. An ɗauke wuta tun dare, da safe aka tarar haɗin ayaba da kindirmo ya narke ya yi ɗumi. Me uwargida za ta yi da shi?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman iyaye mata da masu renon yara da masu sayar da kayan sanyi a ƙofar makarantu. Rigakafi ya fi magani.